Tama ta tafi, saura ban ruwa

Wuƙar da mahaifiyata take yanka albasa da ita ta girme ni. Sau biyu ana sauya mata ɓota, ruwanta kuma ya sha wasi har ya rame, ya koma siriri kamar ganyen gero. Duk da haka, in layya ta zo ita ake fara nema a gidanmu, wuƙaƙen kanti masu walƙiya kuwa suna zube cikin kwando, wata ta karye a wuya, wata ta dakushe ta ƙi wasuwa. Mutumin da ya ƙera ta yana nan da ransa a Tawa, cikin wata rumfar zana da ba ta da nisa da kasuwa. Baba nake ce masa, haka ma duk unguwar. Ya haura saba'in, idonsa na dama ya fara hazo, kuma cikin ƴaƴansa maza huɗu babu wanda ya zauna gaban uwar maƙera. Saboda shi nake wannan rubutu. Ina ganin abin da ke hannunsa zai bi shi kushewa muna kallo, kuma mu da hukumominmu muna da hannu a ciki.

A wani ƙauye na duwatsun Adar, ta wajen Keita, aka haife shi, a gidan da ƙira gado ce. Ya ce bai san ranar da ya fara ba. Ya dai yi wayo ya gan shi zaune tsakanin zuga-zugi biyu na fatar akuya, hannu ɗaya na tashi ɗaya na sauka, mahaifinsa na daka masa tsawa in wutar ta yi sanyi. Shekaru ya yi bai taɓa masaba ba, zuga kawai. Da na ce masa wannan ai wahalar da yaro ce, sai ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, mai zuga shi ya fi kowa kallon wuta. Mi za ka buga in ba ka san jan ƙarhe ba?" Daga zuga aka ba shi riƙon awartaki, daga nan ƙusa da allurar ɗinkin buhu, sannan lauje da hauya. Wuƙa ce ta zo ƙarshe, don ita ce ba ta yafe kuskure.

Mahaifin nasa yana cikin na ƙarshe da suka ga ana narka tama. Yaran yanzu da yawa ba su san cewa kakanninmu ba sayen ƙarfe suke yi ba. Daga dutse suke fitar da shi. A tara tama daga tsaunuka, a ƙona gawayi mai yawa, a gina murhun laka mai tsawo, a jera tama da gawayi a ciki, a hura wuta ta kwana tana ci, sannan a fasa a fito da dunƙulen ƙarfe a raba. Aikin na da sharuɗɗa da camfe-camfensa, har maƙeran Adar suna kamanta murhun da mace mai ciki, fitowar ƙarfen kuma da haihuwa. Wata Bafaranshiya mai binciken al'adu, Nicole Echard, ta zauna cikin Adarawa a shekarun 1960, ta ɗauki wannan aiki a fim a daidai lokacin da yake ƙarewa. Can gabas kuma, a duwatsun Termit, masu tonon tarihi sun sami shaidar aikin ƙarfe da ta girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. Har yau makiyayi kan yi tuntuɓe da kashin maƙera a dajin Adar, baƙin dunƙule mai ramuka, bai san tarihin me yake takawa ba.

Babu sarkin da ya yi shela ya ce a daina narka tama. Ƙarfen Turawa ne ya shigo, tsoffin motoci suka fara mutuwa a gefen hanya, maƙeri ya ga ga ƙarfe a kwance ba sai ya kwana a daji ba. Kowa ya ɗauki mai sauƙi, kuma ban ga laifinsu ba, don ƙarfen mota ya fi na murhun laka tsabta da ƙwari. Abin da ke tsorata ni shi ne saurin da ilimin ya ɓace. Tsakanin uba da ɗa kawai. Baba ɗan gado ne, kakansa ya narka, mahaifinsa ya gani, shi kuwa labari ya ji. Yau in kana son ganin yadda Adarawa suke fitar da ƙarfe daga dutse, sai ka nemi fim ɗin baƙuwa. Rabin ƙira ya tafi ke nan. Ɗaya rabin, sanin yadda ake mayar da guntun ƙarfe ya zama kaifi mai daɗewa, shi ne yake kan hanya yanzu.

Fari ne ya kawo Baba birni. A ƙauye maƙeri ba da kuɗi ake biyansa ba galibi, da damin gero ne in kaka ta yi. Ka gyara wa manomi hauya da damina, ya sallame ka bayan girbi. Da farin 1973 da 1974 ya zo, babu girbi, babu dami, babu ma mai neman hauya. Ya ɗauko masabarsa da awartaki ya shigo Tawa. A yunwar 1984, wadda mutanenmu suke kira El Buhari, ya bi sahun Adarawa zuwa ci-rani Abijan, ya yi dako, ya yi talla, shekara biyu ya dawo. Ya ce can ya ga ƙarfe kamar ƙasa, amma hannunsa kullum ƙaiƙayin masaba yake yi. Da ya dawo ne ya lura cewa birni ba ƙauye ba ne. Hauya da lauje na da lokacinsu, mahauci kuwa kullum sai ya yanka. Sai ya tsaya kan wuƙa.

Wanda bai zauna da mahauta ba zai ce wuƙa wuƙa ce. Ta yanka daban, doguwa mai santsin baki, don ta wuce sau ɗaya. Ta fiɗa gajera ce mai ɗan lanƙwasa, kada ta huda fata ta rage mata daraja wurin majema. Barho na da nauyi don ƙashi. Ta mai kilishi kuwa sirara ce, tana shiga tsoka tana warware ta kamar ana buɗe tabarma. Baduku na da tasa ƴar ƙarama, wanzami na da askarsa, makiyayi na son mai kube wadda zai rataya ya shiga daji. Baba ya san hannun kowane mahaucin da ya daɗe da shi, ya san bahago, ya san wanda ke danna wuƙa da ƙarfi. Kuma wuƙa ɗaya gidaje da yawa take ciyarwa: mai ƙona gawayi, mai sassaƙa ɓota, badukun da ke ɗinka kube, yaron da ke yawo da su ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Na sha zama ina kallon aikinsa, kuma nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya tare da ni. Yana farawa ne daga zaɓen ƙarfe. Ya fi son sifirin na tsohuwar mota, wannan falallen ƙarfen da ke ɗaukar nauyi a ƙarƙashinta, ko tsohon magagari da ya gama aiki. Zai ɗaga shi ya buga, ya kasa kunne. Mai tsattsage a ciki amonsa gajere ne, sai ya ajiye shi gefe. Masana kimiyya za su ce maka ƙarfen sifirin na da sinadarin kabon daidai gwargwado, shi ya sa yake taurara, rodin gini kuwa nasa kaɗan ne, shi ya sa ba ya riƙe kaifi. Baba bai san kalmar kabon ba, amma da kunne da tartsatsin wuta yake raba su, ba ya kuskure. Sai ya sare gwargwadon abin da yake so, ya sa a wuta, ya buga, ya mayar, ya buga, yana jan ƙarfen yana fitar da tsini, yana rage kaurin baki, yana barin gadon baya da nauyinsa. Duk wannan mai ƙarfin damtse zai iya koya cikin shekara biyu ko uku.

Abin da ba a koya da sauri shi ne ban ruwa. Da asuba yake yinsa, ko bayan magariba, don in rana ta yi haske ido ba ya karanta launin ƙarfe. Zai mayar da wuƙar cikin garwashi, yana juya ta, yana jiran wani ja da shi kaɗai ya san iyakarsa. In ta wuce ta fara yin fari, aka tsoma, za ta yi tauri kamar kwalba, ranar da ta haɗu da ƙashi ta ɓalle. In ba ta kai ba, za ta yi laushi, mahauci ya wuni yana wasi. Da ta kai, sai ya tsoma bakin cikin ruwa ko baƙin mai, gwargwadon irin ƙarfen, ka ji cuuu, hayaƙi ya tashi. Bai gama ba. Zai goge gefe ɗaya ya yi haske, ya ɗora ta kusa da wuta, yana kallon launi na tafiya a jikinta, daga launin busasshen kara zuwa na jan ƙarfe, yana tsayar da shi kafin ya kai shuɗi. Wannan ɗumamawa ta biyu ita ke cire gautsi ta bar kaifi. A masana'antun ƙasashen waje na'ura ce ke auna wannan zafi, injiniya mai takarda ke kula da ita. A nan idon tsoho ɗaya ne, kuma idon ya fara hazo.

To me ya sa ba a saye kamar da? Ba zan ɗora wa matar da ke da dala ɗari a hannu laifi ba in ta ɗauki wuƙar kanti. Araha ce, tana walƙiya, ba ta tsatsa, ta Baba kuwa in an bar ta da jiƙa sai ta yi ja, kuma kuɗinta ya ninka. Ya gaya mini cewa bayan an karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kayan waje suka yi tsada, ya yi shekarun da bai taɓa ganin ciniki irin nasu ba. Daga baya kayan Sin suka cika kasuwa ta Kwatano da ta Najeriya, ciniki ya koma na mahauta da ƴan tsirarun da suka san bambanci. Kuma dole a faɗi gaskiya, maƙera ma sun cuci kansu. Ana saura sati biyu layya za ka ga wuƙaƙe jibge a bakin titi, a nan Tawa da Katako a Yamai, da yawansu rodi ne aka buga aka goge, ba su ga ban ruwa ba. Mutum ya saya, ta lanƙwashe a wuyan rago, ya rantse ba shi ba wuƙar maƙera har abada. Mai saye ba shi da hanyar raba aikin Baba da na mai neman kuɗin sallah, don babu wata alama a jikinsu.

Ƙarfen ma yanzu sai da kokawa. Masu sayen tsohon ƙarfe a kilo sun riga maƙeri zuwa garejin kanikawa, su loda manyan motoci a fita da shi. Gawayin ƙirya, wanda maƙera suka fi so saboda zafinsa da daɗewarsa, sai an yi nisa ake samu, don itacen na ƙarewa, kuma ba zan ce a ci gaba da sare shi ba a ƙasar da hamada ke matsowa. Amma duk waɗannan da sauƙi a kan rashin magaji. Babban ɗan Baba kabu-kabu yake yi. Na biyu ya tafi haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, daga can ya wuce wani wurin. Biyu suna bakin teku. Na taɓa tambayar mai kabu-kabun, wanda sa'ana ne, me ya raba shi da rumfar. Bai fara da maganar kuɗi ba. Ya ce tun suna lakwal ake kiransa ɗan maƙera ana dariya, kuma da ya tashi neman aure akwai gidan da aka juya masa baya saboda asalinsa.

Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo, kuma ban san inda muka samo shi a addini ba, don babu shi. Alƙur'ani na da sura guda mai sunan ƙarfe, Suratul Hadid, inda Allah ya ce ya saukar da ƙarfe, a cikinsa akwai ƙarfi mai tsanani da amfani ga mutane. Annabi Dawuda, sarki kuma annabi, an tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke. Khabbab ɗan Aratti, cikin sahabban farko, maƙerin takubba ne a Makka. Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidan wani maƙeri na Madina, Abu Saif, aka shayar da shi, Manzo yana shiga gidan da hayaƙinsa yana ɗaukar ɗansa. Kuma shi ne ya umarce mu, in za mu yanka mu wasa wuƙa mu hutar da dabba. Muna cika wannan umarni da aikin hannun mutumin da muke ƙin ba wa ɗansa aure. Ina roƙon malamanmu masu wa'azi a rediyo da masallatan Juma'a su taɓo wannan magana, ko da sau ɗaya a shekara, lokacin layya.

Ga hukuma kuwa, ita ce mai wuƙa da nama, abin da nake nema a gare ta ba sadaka ba ce. A ɗauki Baba da irinsa a matsayin malamai. Muna da cibiyoyin koyon sana'a a garuruwa, muna da asusun FAFPA da aka kafa domin horo da koyon sana'a, muna da majalisar masu sana'ar hannu. Ana koyar da walda, da ɗinki, da gyaran babur, duk suna da kyau. Me zai hana a tura yara uku ko huɗu rumfar maƙeri na gaske, a riƙa biyansa haƙƙin koyarwa duk wata, yaran su riƙa zuwa aji suna koyon lissafi da awo da sanin nau'in ƙarfe, a ƙarshe a ba su takardar shaida mai hatimin gwamnati? Takarda ba ta ƙera wuƙa, na sani. Amma a ƙasarmu takarda ce ke sa uba ya yarda ɗansa ya shiga sana'a ba da kunya ba, ita ce ke buɗe ƙofar bashi a banki. Kuma ta haka ƙira za ta fita daga kangin gado, duk yaron da hannunsa ya faɗa ya shiga, ko daga wane gida ya fito.

Mun nuna cewa in muna so muna iyawa. Kilishin Nijar da albasar Galmi an yi musu rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka, don kada wani ya ɗauki sunan ya laƙaba wa nasa. Na yi murna da haka ƙwarai. Sai dai kilishin nan da ake kaiwa ƙasashe, wuƙar maƙeri ce ke warware namansa. Ba sai an je har OAPI ba ma: maƙeran Tawa da suka iya aiki su haɗu ƙarƙashin Sarkin Maƙera, kowa ya sami tambarinsa da zai buga a gindin ruwan wuƙa tana da zafi, wanda aka kama ya sa tambari a kan rodi a karɓe. Mai saye ya san wa zai koma wa in ta ɓalle. Batun gawayi kuma, a cikin jiharmu ta Tawa akwai kwal kwance a Salkadamna, ga na Anu Araren da ake haƙa shekara da shekaru a jihar Agadas. Kwal na da sinadaran da kan ɓata ƙarfe in ba a tace shi ba, don haka gwaji yake so. Wannan aikin jami'a ne. Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Ya dace ɗalibanta su zo da kyamara da ma'aunin zafi su zauna rumfar Baba, su rubuta a wane zafi yake tsomawa, su gwada masa kwal, su ajiye muryarsa da kalmominsa na aiki da Hausarsa ta Adar. Kada sai bayan shekara hamsin jikokinmu su sake neman fim ɗin baƙo.

Akwai abokina da ya ce mini wannan duk begen jiya ne, duniya ta wuce masaba, a bar masana'anta ta yi aikinta. Da muna da masana'antar wuƙa a Nijar da na saurare shi. Ba mu da ita. Abin da muke da shi jirgin ruwa ne da ke sauke kaya a tashar wata ƙasa, da hanya mai tsawon kilomita fiye da dubu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe mana iyakoki, kowa ya ga abin da wannan yake nufi, har magani sai da ya yi wuya. A watannin nan rumfar Baba ba ta rufe ba ko yini ɗaya. Manomi ya kawo hauya aka yi mata baki, mai amalanke ya kawo ƙarfensa aka ɗaure, mahauci ya karɓi wuƙarsa. Ƙasar da ke maganar tsayawa da ƙafarta ba za ta raina mutumin da ke mayar da ɓaraguzan mota kayan aiki ba. Kuma ban ce ya tsaya a zuga-zugin fata ba. Shi kansa ya daɗe da komawa na ƙarfe mai juyawa da hannu, kuma ya ce da zai sami injin wasi mai aiki da hasken rana da aikin yini uku ya koma na yini ɗaya. Kayan aiki na sauyawa. Sanin ƙarfen ne ba a sayowa a kanti.

Makon jiya na kai masa wuƙar mahaifiyata, ɓotar ta sake girgiɗi. Ya juya ta a hannu, ya shafa bakin da babban yatsa, ya gane ta. Ya ce daga sifirin ɗin wata Land Rover ya cire ta, shekarar da ya dawo daga Abijan ko ta gaba da ita. A gefensa akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu yana juya zuga, ɗan ƴarsa ne, yana zuwa in an tashi daga makaranta. Uban yaron ba ya so, uwar ce ke turo shi a ɓoye. Na tambayi Baba ko yaron zai iya. Ya ce: "Shina da ido. Jiya na ce mishi in ta kai ya hwaɗa mini, ya hwaɗi daidai." Sai ya ce in dawo ranar Asabar kafin rana ta fito in karɓi wuƙar, akwai wasu guda shida na wani mahauci da za a ba ruwa, kuma yana so yaron ya tsoma ta ƙarshen da hannunsa.